Layin da Aka Yanke

Litinin, 3 ga Maris
Malam Ganye, wanda ke koya mana ilimin halittu, ya raba mana sabbin takardu. Sun yi kyau, har sun yi kyau da yawa. Mutumin da in ya yi rubutu a allo sai kin karkata kai kafin ki karanta, yaushe ya iya zana zuciya haka?

Laraba, 5 ga Maris
Na ga abin da ke takardun Malam a wayar Yaya. Littafin jami'arsu ne da ke shafin laburare, kalma da kalma. Misalai biyu kawai ya canza. Shi da ya yaga takardar ƙawata a gaban aji don ta kwafi amsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Yaya ta yi mini dariya. Wai buɗaɗɗen littafi ne, malamansu suka rubuta, jami'a ta sa don kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Sharaɗi ɗaya ne, a faɗi inda aka samo. Ta ce, "Ke dai Autar Mama, ko ruwa aka ba ki sai kin sansana."
Na duba takardunmu gaba da baya. Bai faɗa ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Na jefa wasiƙar ƙarar Malam a akwatin Shugaban makaranta. Ban sa suna ba. Da hannun hagu na rubuta.

Talata, 11 ga Maris
An kira Malam Ganye ofis ana tsakiyar darasi. Da ya dawo bai kalli kowa ba, alli ya karye masa sau biyu. An ce ranar Alhamis zai zauna gaban kwamiti.

Laraba, 12 ga Maris
Yaya ta aike ni shagon fotokwafi na bakin makaranta. Ga asalin takardun Malam a kan teburi, kuma a ƙasan kowane shafi sunan jami'ar da na marubutan, da hannunsa. Na tambayi mai shagon. Ya ce takardar ta fi injinsa tsawo, shi ne ya yanke layin ƙasa, ai ba karatu ba ne.
Ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na ari shafi ɗaya daga shagon, yana cikin jakata. Ba wai na yarda da littattafan nan ba ne, har yanzu ban gane me jami'ar ke nema ba. Kwamiti ƙarfe goma. Ban taɓa yi wa Shugaba magana ba, ko gaisuwa a cikin layi nake ɓoyewa. Na goge takalmina.