Jar Igiyar da Na Ɓoye Maka

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunka ba, shi ya sa ma na samu ƙarfin halin rubuta ta.

Gida lafiya lau. Na fita takaba. Shinkafar ranin da ka dasa a bakin kanal ta yi kyau, tsuntsaye sun ɗebi rabonsu, mun kwashe saura. 'Yarka Sadiya ta zo hutu daga makarantar da take koyarwa a Dawakin Kudu. Amininka Alhaji Sale bakanike kuwa, duk Juma'a sai ya leƙo mu, ya tsaya a zaure yana share ido yana cewa hayaƙin girki ne.

Sai maganar jirginka.

Ka tuna shekarar da tumatir ya yi kasuwa? Maƙwabta suka sayi babura da injinan ban-ruwa, kai kuwa ka je ka sayo jirgin ruwa na hannu, fari mai ratsin shuɗi, da injinsa a bayansa. Ka ce shekara talatin kana bin ruwa a kwalabati, kana son ka je madatsar ruwa ta Tiga ka ga inda yake fitowa, ka zauna a tsakiyarsa kamar mutum. Kai, Malam! Kai da ka taɓa faɗawa kanal, ruwa iya cibiya, kana kiran sunan Allah da na kakanka, har sai da wata mai tallar fura ta miƙo maka sanda?

Ranar da aka kawo shi, mai sayarwar ya tsoma ƙafar injin a duro cike da ruwa, ya ja igiya sau ɗaya, inji ya kama ruri. Kai kana can kana karɓar barka wajen mutane, ba ka duba ba. Ni ina leƙe ta bayan labule. Da zai kashe shi, sai na ga ya fizge wata 'yar jar igiya mai lanƙwashe-lanƙwashe, da ɗan roba a bakinta mai kama da cokali mai yatsu biyu. Nan take inji ya yi tsit, sannan ya mayar da ita mazauninta.

Malam, da ka tafi sallar la'asar, ni na zare ta. Na jefa ta a cikin kwallar da ke ƙarƙashin jeren kwanukana, na mayar da murfi.

Washegari ka ja igiyar tayarwa har kafaɗarka ta kumbura, ni kuma na gasa maka ita da ruwan zafi, ina yi maka sannu. Ka kira mai sayarwar, lambarsa ba ta shiga. Ka ce fulogi ne, aka sauya. Ka ce 'yan bumburutu sun haɗa maka fetur da ruwa, ka je ka yi musu wa'azi a bakin titin Garun Mallam. Alhaji Sale ya zo ya ɗora fulogi a jikin ƙarfe, ya ce babu wuta, kwayil ce. Aka sauya kwayil, wuta ba ta zo ba. Shi mutumin kirki injin ban-ruwa da babur ya sani, ina zai san na ruwa yana da takunkumi? Kafireta kuwa ka kwance ta ka wanke ta a tiren shayina ban san sau nawa ba.

Shekara uku jirgi yana ƙarƙashin darbejiya. Kaji suka yi ƙwai a cikinsa. Mutanen gari suka sa maka suna Kyaftin, kana amsawa da fara'a. Wani lokaci in kawo maka tuwo in tarar da kai zaune a ciki, hannunka a kan sitiyarin injin, kana kallon katanga. Sau biyu na buɗe kwallar nan. Sau biyun sai in hango ana shigo mini da kai a jiƙe, in mayar da murfi.

Ga shi zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ka, a kan katifarka, ƙafarka a bushe. To me na tsare?

Bayan na fita takaba aka fara zancen a sayar da jirgin. Sadiya ta ce ba za a sayar da shi a mace ba. Ta buɗe wayarta tana kallon masu gyara, Alhaji Sale yana gefe da sifana. Can sai ta ɗago ta tambaya ina jar igiyar da ake maƙalawa a nan, wadda matuƙi yake ɗaurawa a hannu don in ya faɗa ruwa inji ya mutu. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko ta daga kwallar. Alhaji Sale ya dube ta, ya dube ni, ya cire hula ya zauna a ƙasa. Ya yi dariya har da buga ƙafa, daga nan dariyar ta juye kuka na gaske. Sadiya ta wuni ba ta yi mini magana ba.

Amma kada ka ɗauka laifin duk nawa ne. An maƙala igiyar, wuta ta zo, inji ya ƙi tashi. Fetur ɗin da ka bari a tanki ya tsufa, yana warin tsohon manja. Ɓera ya ci tiyo. Da aka buɗe kafireta kuma, sai ga wani ɗan abu a ciki ka mayar da shi a kife. Wa ya aike ka? Aka gyara, aka haɗa sabon fetur da baƙin mai, aka cika duro, ya tashi a ja na uku. Muna cikin murna Sadiya ta kashe shi, ta ce ai dole a ga ruwa yana tsartuwa ta wata 'yar ƙofa a baya, in ba haka ba zai ƙone. Ashe zanzaro ne ya yaɓe ƙofar da laka. Da tsinken tsintsiyata na tsokale ta. Ka ga ni ma da hannuna a gyaran.

Ranar Asabar muka ɗora shi a a-kori-kurar da take kai maka tumatir kasuwa, sai Tiga. Aka aro mana rigunan da ke hana nutsewa. Na ɗora hijabi a kan tawa, na koma kamar buhun albasa. Na shiga da ƙafar dama, ido a rufe, ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Ya tafi, Malam. Wallahi ya tafi, yana tsaga ruwa, iska tana neman ɗauke mini hijabi. Da muka yi nisa da gaɓa sai ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. Sadiya da Alhaji Sale suka juyo suna kallona. Na ɗaga hannuwana sama na rantse wannan karon ba ni ba ce. Wani masunci ya matso da kwalekwalensa, ko sallama bai gama ba ya miƙo hannu ya sassauta wani ɗan noti a murfin tanki. Tanki ya yi ajiyar zuciya. Ya ce mai ba ya sauka in iska ba ta shiga ba, ya kuma tambaye mu ko yau muka fara ganin ruwa.

Kafin a sake ja, na roƙe su su dakata. Ruwa ta ko'ina, duwatsu can nesa, wasu fararen tsuntsaye suna sauka suna tashi. Ban taɓa sanin akwai wuri mai faɗi haka kusa da gidanmu ba. Na yi maka addu'a a nan, na kuma yi amai sau ɗaya.

An fasa sayar da jirgin. Ni na hana.

Ka yafe mini, Malam. Tsoro ne ya sa ni, kuma ban iya faɗa maka yadda nake tsoron rasa ka ba, irin tarbiyyarmu ke nan. Kai ne da gaskiya. Wurin yana da kyau ƙwarai, kuma ya kamata a ce ka gan shi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a inda ƙoramu suke gudana. In na iso, ka jira ni a bakin gaɓa, kada ka shiga kai kaɗai.

Taka har kullum,
Asabe