Kare Ya Mutu, Ba Wanda Ya Yi Kuka

Litinin, 3 ga Maris

Bari in rubuta da kaina, tunda ba mai rubuta mini. Ɗakin karatun makarantar nan ni na yi shi. Da na zo, wurin jibge tsintsiya ne da karyayyun kujeru. Ni na share, ni na buga kantocin, guduma ta fasa mini farce har yau bai dawo daidai ba. Littattafan gida-gida na bi na karɓo waɗanda ɓera ke shirin cinyewa, na ɗinke su da zare. Kwamfuta ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Sakandare kaɗai na yi. Ba ni da kawu a ofishin kowa.

Yau Shugabar makaranta ta kira ni. Wai idan an tafi hutu za a mayar da ɗakin ofishin sababbin malamai, sai dai in na nuna mata cewa yara suna karatu a ciki. In nuna mata! Ko zauna ba ta ce mini ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na samo dabara. Zan buɗe wa 'yan aji biyu shafi a intanet. Kowa ya karanta littafi, ya rubuta abin da ya gani a ciki, a sa da sunansa, iyaye su gani, Shugaba ta gani. Malamin lissafi ya ce, "Farfesa, kai da intanet? Don Allah a hankali, kada ka fasa musu ita." Farfesa yake ce mini don ya san ba ni da digiri. Na taya su dariya. Ta baki ce kawai.

Talata, 11 ga Maris

Yara sun kawo takardunsu. Innalillahi. Ba aya, ba waƙafi, rubutu kamar kaza ta bi ta kai. Mai Gilashi, yarinyar da ke zama kusa da taga, wadda ta fi kowa aron littafi, ga duk abin da ta rubuta: "Ban so littafin ba. Kare ya mutu ba wanda ya yi kuka. Ni na yi."

Wannan zan kai wa Shugaba? Masu digiri su ce abin da ɗakina ya haifa ke nan? Na zauna na gyara su duka, ɗaya bayan ɗaya. Nata na mayar da shi: "Haƙiƙa wannan littafi ne mai ƙunshe da ɗimbin darussa game da amana da juriya." Ya fito fes. Duk sun fito fes.

Juma'a, 14 ga Maris

Shafi ya hau. Na buga sanarwa na manna a ƙofar makaranta, shagon aski, rumfar mai gyaran waya, har jikin motar da ke ɗauko yara. Na tura a zauren iyaye na waya. Uwar yara ta ce ko lokacin aurenmu ban yi wannan zirga-zirgar ba. Na ce mata aurenmu ba wanda ya ce zai rufe shi.

Laraba, 19 ga Maris

Shiru. In lambar masu leƙowa ta motsa, to ni ne na leƙa.

Litinin, 24 ga Maris

Ranar nan ban san ta ina zan fara ba.

Da safe Shugaba ta tare ni a baranda, waya a hannunta. "Malam, na karanta. Yara nawa ne suka rubuta? Ni dai murya ɗaya nake ji." Ta wuce abinta.

Bayan an tashi kuma Mai Gilashi ta tsaya a bakin teburina, ta ƙi zama. "Malam, a cire sunana." Na ce saboda me? Wai babanta, telan nan na bayan kasuwa, ya ga sanarwata, ya sa aka buɗe masa shafin. Ya tambaye ta ina ta kwafo. Ta rantse ba ta kwafa ba. Ya ce, ke da ko sau ɗaya ban taɓa jin "haƙiƙa" a bakinki ba? Ya ce ƙaryar ta fi masa ciwo, kuma ta gama aron littafi.

Na ce gyara na yi miki, 'yata, don ya yi kyau. Ta dube ni ta cikin gilashin nan. "Malam, ai karen ba ya ciki."

Ta ajiye littafin da ke hannunta, ko rabi ba ta kai ba, na ga inda ta lanƙwasa takardar.

Asabar, 29 ga Maris

Satin nan ba yaron da ya kawo rubutu. Suna shigowa, su zauna, su dubi bango. Ɗaya ma na ji yana ce wa ɗan'uwansa, me za ka wahalar da kanka, ai Malam zai rubuta.

Abinci ya ƙi shiga. Uwar yara ta ajiye kwanon, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta kawo. Shekarun nan duka, farcen, zaren, ciwon bayan. Ban san me na yi da su ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yanke. Ɗakin ya tafi. Mun kwashe littattafai a kwalaye, an ba ni ƙarƙashin matakala in tura su. Malamin lissafi ya taya ni ɗauka, yini guda bai ce Farfesa ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Kafin a cire wayar kwamfutar na goge rubutuna daga shafin, na sa na yaran yadda suka kawo shi. Ba aya, ba waƙafi. Hannuna sai ƙaiƙayi yake. Ba wai na ce nawa bai fi kyau ba. Ya fi.

Da yamma na bi ta shagon telan, hanya ce ta biyo da ni. Na miƙa masa takardar 'yarsa ta ainihi. Ya tsayar da keken, ya karanta, ya yi dariya. "Wannan kam ita ce," in ji shi. Ya ce gobe ta zo ta ƙarasa littafinta. Ban faɗa masa babu inda za ta zauna ba. Mabuɗin ƙarƙashin matakala dai yana aljihuna, kuma na san kwalin da littafin yake ciki.

Abu ɗaya ba zan bari ba. Ofis ko ba ofis, a rubuta cewa ni na gina ɗakin nan, ni na buɗe shafin nan, ba da taimakon kowa ba. A rubuta sunana cikakke, kada a rage harafi. Ko a can ƙasan shafin ne, bayan na yaran.