Gashin Barewa a Kan Ruwa

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya gida, ya Inna da yara? Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

An sauya mini aiki a shagonmu na kayan kamun kifi a unguwar Deira, nan ƙasar Larabawa. Ana ɗaura wa ƙugiya gashi ta fito kamar ƙwaro, ni kuma in shafa mata man da ke hana gashin shan ruwa, don ta tsaya a sama har kifi ya kawo baki. Sai daga baya na karanta a jikin leda cewa gashin barewa ne. Kan gidanmu ke nan, dabbar da aka hana zuri'armu, wadda ka ce ko fatarta ba ma taɓawa.

A baho muke gwada ƙugiyoyin. Waɗanda na shafa ba sa nitsewa, amma duk gefen da na tsaya, nan suke taruwa. Na kashe fanka, na sauya gefe, suka biyo ni a hankali. Abokin aikina Ba'indiye ya tsaya a gefen da na bari, ba su motsa ba. Ya yi dariya ya ce, "Habibi, sun san ka." Na bincika, ban ga inda aka ce mai yana sa gashi ya bi mutum ba.

Maigida yana so in riƙe aikin dindindin, bizata kuma a hannunsa take. Baffa, hanin nan yana haye teku? Ba zan ba shi amsa ba sai na ji daga gare ka.

A sa ni a addu'a. A gaida Goggo da su Hadiza.

Ɗanka,
Sani