Muryar da Adnan Ya Ji a Bayansa

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
20 ga Nuwamba, 2016

Zuwa ga Baffana, Alhaji Maitama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma irin ta 'ya da uba, ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ku da Hajiya da duk mutanen gida. Na ji an ce ciwon gwiwar nan ya sake tashi har kuna salla a kan kujera. Allah ya sa kaffara ne, ya kawo sauƙi mai ɗorewa. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwan sama da ake tafkawa kullum da la'asar. Maigidana, Baban Mus'ab, yana gaishe ku da kyau. Yara suna makaranta, Bashira ta kai izu biyu, shi kuwa Mus'ab in ka yi masa Hausa sai ya mayar maka da Malayanci. Karatuna ya zo ƙarshe, ina jiran ranar kare digirin.

Baffa, tun rasuwar mahaifinmu ku ne ubanmu, ni da Adnan da Larai, ba mu taɓa ganin bambanci tsakaninmu da 'ya'yan cikinku ba. Shi ya sa na yi kwana goma ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na zaɓi takarda wadda wani ɗalibi mai komawa gida zai damƙa muku hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce. Ba zan rubuta sunan ƙasar da Adnan ya yi aiki ba, kun san ta. Maganar ta shafi ɗanku Yaya Abdulgani, ta kuma shafi aurensa da Larai da kuka sa rana a watan gobe.

Kun tuna da Adnan ya gama digirinsa na biyu a nan kan harkar haƙar mai, Yaya Abdulgani ne ya samo masa aiki a kamfanin man waccan ƙasar mai Sarki, inda shi yake tafinta a sashen tsaro, suka kama gida ɗaya. Da farko labarin daɗi kawai Adnan ke ba mu. Ya ce fetur ya fi ruwan gora araha, ba a biyan haraji, ana kiran salla kowa ke rufe shago. Sai daga baya ya fara faɗa mini sauran. Babu zaɓe, babu jam'iyya, jarida ba ta buga komai sai tafiye-tafiyen 'ya'yan Sarki. Mai riƙe da harkar mai ɗan Sarki ne, mai riƙe da tsaro ƙaninsa ne, huɗubar Juma'a ma a rubuce ake aiko wa limamai. Da farashin mai ya faɗi bara, aka soma sallamar baƙi, aka ƙara kuɗin wuta da na ruwa, mutane suka fara gunaguni a ɓoye. Aikin Adnan shi ne auna man da ya rage a rijiyoyi, kuma ya san abin da ake shelanta wa duniya ya zarce abin da ke ƙasa.

Wata rana a azumin bara suna buɗa-baki a gida su uku, shi da Yaya Abdulgani da wani abokin aikinsa Bello, mutumin Gusau mai gyaran bututu, Adnan ya saki baki. Kun san shi da surutu tun yana ƙarami. Ya ce in aka ci gaba da ɓoye gaskiya ana danne mutane, wata rana ƙasar nan sai ta kama da wuta. Magana ce irin wadda ake yi kullum a majalisar ƙofar gidanku a kan Najeriya, a yi dariya a watse. Sati uku bayan haka gobara ta tashi a wata ma'ajiyar mai, ma'aikata bakwai suka mutu. Adnan ya ce tsohon bututu ne, shi Bello da kansa ya rubuta takarda sau biyu a canza shi. Amma gwamnati ta ce aikin maƙiya ne, sai an nemo su. Wata ranar Talata da rana tsaka, yana fitowa daga sallar azahar, mutum huɗu suka tare shi a wajen ajiye motoci, suka rufe masa kai da baƙin buhu.

Wata goma sha huɗu ya yi a hannunsu, ba kotu ba lauya. Ba zan faɗa muku komai ba, domin ni ma da na ji na so a ce ban ji ba. Ɗaki ne mai sanyi kamar na ajiye nama, a tsaye ake barin mutum fuskarsa na kallon bango, in ya zame a zuba masa ruwa. A kwana na shida suka zaunar da shi, kansa a rufe, suka kunna masa muryarsa yana wancan zancen na buɗa-baki, har da ƙarar cokula. Su ba sa jin Hausa, sai suka shigo da tafinta ya tsaya a bayansa. Baffa, tafintan bai gama jimla ɗaya ba Adnan ya gane muryar. Muryar da ta koya masa tuƙin keke ce a tsakar gidanku. Kuma da ya zo kan maganar wuta, bai fassara ta yadda take ba. Ya ce musu wai Adnan cewa ya yi za a sa wa ƙasar wuta. Adnan ya ce sau ɗaya ya kira shi, ya ce Yaya, sai aka kai masa duka a kunnen hagu, kunnen da har yau ba ya ji da shi. Tafintan ya ci gaba da aikinsa.

Yanzu ku tuna abin da aka riƙa faɗa mana a wannan lokacin. Yaya Abdulgani ya ce an tura Adnan wata rijiya a tsakiyar teku inda waya ba ta shiga. Da watanni suka ja, ya ce yaron ya canza, ya yi sababbin abokai, ba ya son a dame shi. Saƙonni kuma suna zuwa daga wayar Adnan, gajeru, cewa yana lafiya aiki ne ya yi yawa. Wayar a gida ya manta ta ranar da aka kama shi, a kan teburin da suke cin abinci su biyu. Da Umma ta kwanta ciwon ajali ta yi ta tambayarsa, na tura saƙo ya fi ashirin, amsa ɗaya ta zo, wai Allah ya ba ta lafiya. Umma ta rasu tana ganin ɗanta ya yi watsi da ita. Ni kuma na rubuta masa cewa ba ni ba shi har abada, Allah ya isa tsakaninmu. Wanda ya karanta wannan saƙon shi ne ya zo Kano tun Umma na kwance, bayan rasuwar ya zauna kusa da ku a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, kuma kafin ya koma ya nuna yana son Larai.

An saki Adnan farkon watan jiya, bayan ya sa hannu cewa an kula da shi da kyau. Wani tsohon malaminsa na jami'a ne ya nema masa takardar shigowa nan. Da muka je tarbarsa a filin jirgi na wuce shi sau biyu ban gane shi ba. Haƙoransa huɗu babu, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. A tsaye yake cin abinci. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ya miƙe ya juya wa bango fuska, ko da Bashira ce ta dawo daga makaranta. Mun daina kunna na'urar sanyi duk zafin garin nan. Ranar da Baban Mus'ab ya ɗauke shi su je asibiti a LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, sanyin ciki na bugunsa ya tsuguna a tsakiyar mutane ya rufe kansa da hannu, dole suka sauka a tasha ta gaba. Ni na sanar da shi rasuwar Umma. Bai yi kuka ba, ya tambaye ni wace rana ce kawai, ya yi ta ƙirge da yatsu don ya gano inda yake a ranar.

Sai da ya yi wata guda kafin ya faɗa mini maganar tafintan. Ban yarda nan take ba, na ce ko azaba ce ta rikita shi. Na kira Yaya Abdulgani ranar Juma'a da hantsi. Baffa, bai musa ba. Ya ce an kira shi an ce ko ya kawo wani ko a ɗauke shi, kuma shi bai sa wa Adnan magana a baki ba, dogon harshensa ne ya kai shi. Ya ce yanzu an ƙara masa girma, an ba shi takardar zama ta dindindin, Larai za ta huta, dangi duka za su amfana, kada in ɓata abin da ya riga ya wuce. Da na tambaye shi saƙonnin da ya tura wa Umma, ya ce tausayinta ya ji. Daga nan ya sassauta murya ya ce in tambayi ɗan'uwana mai gaskiya wa ya ba da sunan Bello. Ya ce takardar da Adnan ya sa wa hannu a kan Bello ta bi ta teburinsa, kuma ya san matar Bello tana nan Kuala Lumpur, in na buɗe baki shi ma zai buɗe nasa.

Na tambayi Adnan, ya ce gaskiya ne. Bayan kwana arba'in a ɗakin sanyi sun ce ya faɗi abokin shirinsa, ya faɗi sunan da ya zo masa. Bello har yau yana can, ba a san ranar fitarsa ba. Matarsa Hafsatu tana karatu a nan, tana zaune a Cheras da 'ya'yanta mata biyu. A taron salla na 'yan Najeriya kawai muke gaisawa, kullum takan ce maigidan aiki ya riƙe shi, ashe gargaɗi aka yi mata cewa surutu zai ƙara masa wahala. Na ga ba zan zauna Yaya Abdulgani yana riƙe da mu da wannan ba. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa, na sauka na kama bas, na hau bene hawa tara da ƙafa don lif ɗinsu ya lalace. Ta karɓe ni da fara'a, ta aika aka yo mana tapau, wato ƙunshin shinkafa a leda, daga shagon abincin mamak na ƙasan benen. Na faɗa mata komai kafin a buɗe ledar. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce ta gode da na zo da ƙafata, amma ba ta yafe ba kuma ba za ta yafe ba. Ta ce tana roƙon Allah ya ba Adnan tsawon rai da cikakken hankali, kada ya manta ko da rana ɗaya. Ta ɗaure ledar abincin ta miƙo mini, ta ce in kai masa. Na kawo, na kuma faɗa masa daga inda ta fito, tunda ya tambaya. Ya tsaya a bakin taga ya cinye tas.

Baffa, ban isa in ce muku ku yi kaza ba. Ku ne waliyyin Larai, ku ne kuma mahaifin mai nemanta, na san wannan takarda za ta yi muku ciwo fiye da kowa. Amma ba zan ɓoye muku ba, irinta na rubuta wa Larai, kuma mai kawo muku ita gidan Yaya Haliru, inda take zaune, zai fara biyawa ya ba ta tata. In ta karanta ta ce ta ji ta gani, ni ba zan zo bikin ba, ba zan aiko da ko tsinke ba, 'ya'yana kuma ba za su taka gidan ba. In kun kira Yaya Abdulgani, ku sa shi ya ɗora hannu a Alƙur'ani kafin ya fara magana, don ya iya juya zance, sana'arsa ce.

A gaishe mini da Hajiya, da Yaya Haliru da iyalinsa, da Gwaggo Halimatu da fatan idon ya yi sauƙi, da Alkasim da Hadi, da Malam liman da ya yi wa Umma salla. Adnan ma yana gaishe ku, yana neman ku sa shi a addu'a. Likita ya ce nan da wata uku zai iya doguwar tafiya, burinsa ya zo ya ziyarci kabarin Umma. Jiya ya tambaye ni wa ya shiga ramin ya karɓe ta tun da shi ba ya nan. Na ce masa mata ba sa zuwa maƙabarta, ban sani ba. Na sani, Baffa, Yaya Haliru ya faɗa mini tun ranar, har na yi wa Yaya Abdulgani godiya a waya. Wannan kam ba zan iya faɗa masa ba. In ya iso, ku da kuka tsaya a bakin kabarin sai ku faɗa masa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

'Yarku,
Mubina