Zaren da Ke Ƙarƙashin Teburin

Litinin, 3 ga Maris

Na yi laifi yau, kuma gara in rubuta shi tun zuciya ba ta yi masa kwalliya ba. Auta ta zo gaishe ni. Na zaunar da ita, na shiga tambayarta kamar mai hira: shagon babanku yana samun aiki kuwa? Wa yake share masa katako yanzu? Ta amsa da zuciya ɗaya. Ni kuwa ba hira nake yi ba, tatsarta nake yi. Na mayar da 'yata 'yar rahoto a kan mahaifinta ba da saninta ba.

Alhali ranar da na gama idda na dawo gidan Yaya, na ɗauki alkawari tsakanina da Ubangijina: zan nemi hakkina a bayyane, amma ba zan bi diddigin mutumin nan ba, ba kuma zan yi masa zato ba. Abin da ya faɗa, shi ke nan. Astagfirullah.

Alhamis, 6 ga Maris

Mun zauna gaban dattijon da kotu ta ɗora wa sulhunmu. Ya nemi baban yara ya bayyana duk abin da muka tara tare. Baban yara ya ambaci shago, ya ambaci babur da kayan aikin hannu, sannan ya tsaya. Na jira, domin ba ɗabi'ata ba ce katse magana. Da na ga ya gama, na ce saura injin share katako.

"Ai ya mutu tun bara, Hajiya. Masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe shi."

Yana faɗa yana sosa bayan kunne. Haka yake yi in zai ce wa mai aiki ƙofarsa za ta fito gobe.

Injin nan da awarwaron zinariyar da na gada daga mahaifiyata aka saye shi. Da rabona na ciki nake fatan kama ɗaki, don kada in tsufa a kusurwar gidan matar Yaya, ina neman izini kafin in shanya zane. Dattijon ya ce tunda babu shaida, a zama na gaba baban yara zai rantse da Alƙur'ani, a rufe maganar.

Asabar, 8 ga Maris

Kafinta ya rasa inji, amma Auta ta ce ƙofofi suna fita kamar da. Zuciyata ta ce wannan lura ce, ba zato ba. Zuciya ta iya lauyanci.

Talata, 11 ga Maris

Na je karɓo maganin ƙafata, sai na ci karo da ƙanen baban yara mai sayar da siminti. Bakinsa bai canza ba.

"Matar yaya! Shi ya sake ki, ni ban sake ki ba."

Na ce da hannunsa ya kai bakinsa aiki, da tuni ya yi bene. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, na ga garin katako a jikinta. Me ya haɗa mai siminti da garin katako? Hanyar gida ta bi ta bayan sitonsa. Sabon kwaɗo ne a ƙofar, babba. Ban tsaya ba. Amma na rage sauri, kuma Wanda na yi wa alkawari Ya san bambancin bai kai ƙwayar zarra ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ta kawo mini ɗan teburin ɗora Alƙur'ani, in ji babanta, wai ya tuna wuyana yana ciwo in na daɗe a sunkuye. Aiki ne mai kyau, fuskarsa sumul kamar ruwa.

"Umma, kin gane shi? Darbejiyar tsakar gidanmu ce, wadda iska ta kayar bana, bayan tafiyarki."

Na yi godiya, na ajiye shi gefen darduma. Ban juya shi ba. Na sanya hannuwana a cinya kamar mai tsare su daga wuta.

Lahadi, 16 ga Maris

Na juya shi.

Shekarun baya wata ƙusa ta yi wa wuƙar injin ɗan giɓi, baban yara kuma ya ƙi sauya ta saboda tsimi. Tun daga lokacin, duk katakon da ya bi ta ciki sai ya fito da siririn layi a tsaye, kamar zaren da aka shimfiɗa. A fuskar aiki yakan goge shi. A ƙarƙashi kuwa bai taɓa gogewa ba; karatunsa kullum shi ne, abin da ido ba ya gani ba a ɓata masa ƙarfi. Na share ƙarƙashin gadaje da kujerun gidansa tsawon aurenmu, yatsuna sun haddace layin nan.

Yana nan, daga wannan ƙafa zuwa waccan. Injin da ya mutu bara ya share itacen da ya faɗi bana.

Na nuna wa Yaya. Ya ce, "Ki yi shiru ki bar shi ya rantse, sannan ki fito da shi. Wanda ya haƙa rami shi ya san zurfinsa." Na kasa cin abinci. In na yi shiru har ya rantse, na ci nasara gaba ɗaya, amma na tsaya ina kallon uban 'ya'yana yana dafa Littafi a kan ƙarya. In na janye, na tsufa a kusurwar nan. Kuma ban tabbata ba, tausayinsa ne yake damuna, ko so nake a ce ni ce ta kirki.

Laraba, 19 ga Maris

Na tafi da teburin a naɗe cikin zane. Dattijon ya ɗauko Alƙur'ani, baban yara ya naɗe hannun riga. Na nemi izini, na ce Littafin ya fi ƙarfin a riƙe shi a iska, ga abin ɗorawa. Kafin in ajiye, na kifa shi a gaban baban yara, na bi layin da yatsa a hankali.

"Aikinka ya yi kyau, baban yara. Darbejiyar ce ko?"

Ya dubi katakon ya daɗe. Hannunsa ya tashi zuwa bayan kunne, ya tsaya a hanya, ya sauko.

"Yana siton ƙanena," ya ce. "A mayar da Littafin, Malam."

Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ya ce gobe zai tura mai kimantawa, a raba. A bakin ƙofa baban yara ya ce da ni, ƙasa-ƙasa, "Ashe kin iya bincike, Hajiya." Na so in ce shafawa kawai na yi. Na tuna Auta da kwaɗon nan, na wuce.

Alhamis, 20 ga Maris

Na yi karatun safe a kan teburin, wuyana bai yi ciwo ba. Wani abu ya hana ni sakewa: mutumin da ya san layin nan fiye da kowa, mantawa ya yi, ko so yake in gani? Ga wani zaton kuma. Wannan ban nemi gafara a kansa ba tukuna.

Na ce wa Yaya ya fara cigiyar ɗaki, mai taga ta gabas. Ni da kaina zan je in duba rufin da makwararar ruwa, ba zan ɗauki maganar mai gidan haya ba.

Na nemi nadama a zuciyata, na samu ta Auta kaɗai. Ita zan roƙa gafara in ta zo. Alkawarin kuwa, ban cika shi ba.