Muryar Taras Ba Ta Sayen Shiru

Winnipeg, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Halyna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Wendell da yara. Yaya sanyin Whitehorse? Mu nan ƙanƙara ta fara narkewa. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci da ƙafarta.

Na ga saƙonki, inda kika ce in karɓi tayin kamfanin. Na daɗe ina juya shi kafin in ɗauki alƙalami, domin a waya ba na iya tsara magana. Kin san marigayi ƙaninmu Taras yana cikin dubban mutanen da suka haɗa kuɗi don a ƙera wasan bidiyon nan, kuma gudummawarsa ta kai matakin da ake saka mutum a cikin wasan. Shi ya sa aka ɗauki muryarsa a matsayin matuƙin kwalekwale. Wasan bai fito ba, Taras ya rasu, masu gudummawa suka kai ƙara, suka naɗa ni wakilinsu a madadinsa. Abin da muke nema shi ne kotu ta tilasta wa kamfanin ya nuna inda kuɗin jama'a ya shiga. Takardun da kamfanin ya miƙa duk an shafe su da baƙar tawada, har lauyarmu ta ce jaridar da aka naɗe kifi a ciki ta fi su karantuwa.

Makon jiya mai kamfanin ya gayyace ni shan kofi, yana ta kirana ɗan'uwa. Ya ce muryar Taras mallakarsu ce bisa yarjejeniya, amma zai ba mu ita kyauta in na janye buƙatar buɗe takardun, na kuma sa hannu cewa bakina ya mutu a kan maganar. Ya ƙara da cewa in shari'a ta karya kamfanin za a yi gwanjon na'urorinsu, ba wanda ya san inda muryar za ta ƙare. A nan bai yi ƙarya ba, Yaya. Muna iya rasa ta har abada, kuma na san dalilinki ke nan. Ni ma ina son in sake jin ta.

Jiya na je wurin Mama na faɗa mata komai, domin ita ce mai haƙƙi fiye da mu. Tana juya miyar kabeji, ba ta ko waiwayo ba. Ta ce duk karatuna ashe ban san ɗanta ba. Wai yaron da malamai suka gaji da korarsa daga aji saboda surutu, wanda ko a tsakiyar huɗuba sai ya tambayi limamin coci dalili, shi ne yau za a sayi shiru da muryarsa? Ta yi dariya, sannan ta daɗe tana share ido da gefen hannu.

Saboda haka ban karɓa ba, kuma ba zan karɓa ba. Masu gudummawar nan sun ba ni amana da sunan Taras. Ranar Alhamis zan tsaya gaban alƙali in nemi a buɗe kowane layi da aka shafe. Ba na neman ki yarda da ni nan take, ina dai roƙon kada ki riƙe ni a zuci.

Ki gaishe da Wendell, da Larysa, da ƙaramin Orest. Mama tana gaishe ku. Ta ce in gaya miki ita kullum tana jin muryar Taras, kuma ba ta sa hannu a takardar kowa ba.

Ƙaninki mai girmama ki,
Bohdan