Tiyon da Ban Kwance Ba

Winnipeg, 14 ga Oktoba, 1978

Ƙanwata Halyna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Myron da 'yarmu Lesia.

Albishirinki, na saka injin zuƙe ruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da hannuna na fasa simintin, na haƙa rami a kusurwa, na zuba tsakuwa, na zaunar da injin. Da zarar ruwa ya taru a ramin, sai ya tashi da kansa ya tura shi ta dogon tiyo har bakin titi. Don haka ki daina yi mini mita a kan akwatin Mama. Inda yake, ko danshi ba zai taɓa shi ba.

Ki gaya wa mijinki na samu takardar shawarwarinsa mai shafi biyu. Na san gyaran famfo sana'arsa ce, amma wanda ya shekara talatin yana koyar da lissafi bai rasa dabarar rami ɗaya ba. Takardar ta yi amfani, tana ƙarƙashin ƙafar teburina mai rawa.

Yayanki,
Orest

Dauphin, 20 ga Maris, 1979

Yaya,

Ina gaishe ka, ya sanyi? Mu nan ƙanƙara har taga.

An sa ranar Lesia, tara ga Yuni. Ka buɗe akwatin ka ciro tawul ɗin aure, farin nan da Kaka ta yi wa ado da jan zare tun a ƙasarmu ta asali. A kansa Mama ta tsaya a coci, ni ma a kansa na tsaya, Lesia kuma ta ce ba ta taka wani. Ka aiko da wuri in goge shi.

Myron ya ce in tambaye ka ko ka kwance tiyon kafin sanyi ya shigo. Na ce ya shafa maka lafiya, yayana ba yaro ba ne.

Ƙanwarka,
Halyna

Winnipeg, 28 ga Afrilu, 1979

Halyna,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Wannan ce wasiƙa ta huɗu da na fara, ukun na yayyaga.

Ban kwance tiyon ba. Duk unguwar nan, har wanda bai gama firamare ba, ya san ana cire shi kafin ƙasa ta daskare. Ni na bar shi kwance a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ruwan cikinsa ya zama dutse. Da narkewa ta zo, injin ya yi ta turawa ba hanyar fita har ya ƙone. Ranar wata Lahadi na dawo daga coci na leƙa ƙasa, sai na ga takalman sanyina suna yawo a kan ruwa a bakin matakala.

Wasiƙarki ta iso mako biyu kafin haka. Da na sauka a ranar na ɗauko tawul ɗin, da yanzu yana hannunki. Na ce gobe, don na tabbata injina yana gadi.

Ruwan ya kai rabin akwatin. Jan zaren ya zuba, rabin tawul ɗin ya koma ruwan hoda, ga tabon laka a gefe ɗaya. Na wanke shi sau uku a ɓoye kamar ɓarawo, a gidan da ba kowa sai ni. Daga baya na kai wa wata tsohuwa mai ɗinki a cocinmu. Ta daɗe tana jujjuya shi, sannan ta ce, "Malam Orest, wannan ya haye teku a jirgin ruwa bai jiƙe ba." Na naɗe shi na dawo gida.

Jiya na zaro takardar Myron daga ƙarƙashin tebur. Maganar tiyon ce a layin farko, ya ja mata layi biyu. Kunya ta hana ni karanta sauran. Kin tsaya mini a gaban mijinki, ni kuma na ba ki kunya.

Ga tawul ɗin nan tare da wasiƙar. Bikin kuwa, ki ce musu ba ni da lafiya. Ba ni da idon da zan kalli Lesia.

Ki yafe mini.
Orest

Dauphin, 6 ga Mayu, 1979

Yaya,

Muna gaishe ka. Saƙo ya iso. Na yi kuka kwana biyu, na zage ka iya son raina, ba zan ɓoye maka ba.

Lesia ta ce a kansa za ta tsaya, da tabon da komai. Kuma ba zan yi maka ƙaryar ciwo ba. Baba ba ya raye, kai ne babba, don haka kai za ka shimfiɗa shi a gaban coci da hannunka, jama'a na kallo. Duk wanda ya tambayi tabon, wurinka zan turo shi.

Myron zai zo ranar Asabar da sabon inji. Ka riƙe masa fitila, kada ka koya masa lissafi.

Ƙanwarka har kullum,
Halyna